Sumar Babayo da Farar Hular Zarami

Mutanen Azare ba su da adalci. Mutum ya shekara hamsin da biyu a duniya da sumarsa baƙa wuluk, cike da kai, babu furfura ko ta magani, babu sanƙo ko faɗin kwabo, amma ba a taɓa samun wanda ya tsayar da shi a hanya ya ce masa barka ba. Sai rana ɗaya tak da ƙaddara ta gifta, ita ce har yau ake ba da labarinta daga bakin tasha zuwa Giade, kowa da irin gishirin da yake ƙarawa.

Malam Babayo dillalin tsofaffin babura ne. Sa'o'insa duk sun daɗe da sallama kawunansu ga wanzami, shi kuwa mataji ba ya rabuwa da aljihun gaban rigarsa. Duk babur ɗin da ya taɓa bi ta hannunsa, madubinsa ya san sumar nan. Sai ya ɗaga hula, ya taje, ya karkata hagu, ya karkata dama, sannan ya tuna da mai saye yana tsaye.

Illa ɗaya ce. Kan Babayo maiƙo yake fitarwa kamar ana matsar tunkuza. Da rani da sauƙi. Amma in damina ta yi tsakiya, iska ta yi nauyi, gari ya koma kamar tukunyar da aka kifa wa murfi, hular da ya sa da hantsi kafin azahar bakinta ya yi zobe irin na kaskon masa. Mutum biyu ne kawai suka san haka: matarsa Ya Fanna, mai fama da rigunan filo, da Abbas mai wankin hula, wanda Babayo ke kai wa huluna a ƙulle cikin baƙar leda yana cewa na maƙwabcinsa ne. Abbas bai taɓa musa masa ba. Yakan ce mai wankin hula kamar likita ne, ba ya faɗin abin da ya gani a kan mutane.

Ran wata Talata ana zaune a gindin darbejiyar ƙofar shagon Zarami, kowa na fifita da abin da ya samu. Zarami mai sayar da huluna ne, ƙanin Ya Fanna, kuma Babarbare. Wato ta hanya biyu yake da izinin cin mutuncin Babayo: ga wasan ƙanin mata, ga na Barebari da Fulani, tunda Babayo Bafulatani ne. Ya shiga shago ya fito da wata hula Zanna fara sol, ɗinkin hannu, ya ɗora a gwiwa yana shafa ta.

"Wannan ba ta kowane kai ba ce," in ji shi. "A daminar nan duk wanda ya sa ta, kafin azahar ya mayar da ita tsumman mai tuyan ƙosai. Balle bawan nan nawa da ya tara ciyawa a ka."

Da Babayo ya yi shiru da yanzu yana nan da abinsa. Amma ina.

"Kai Babarbare, kan nan da kake gani bai san maiƙo ba. Mu jininmu busasshe ne. Ku ne kuke shan miya kamar kunu har take fito muku ta ƙeya."

Abbas na gefe. Ya yi tari, ya dubi sama kamar mai neman hadari.

"To ga fili ga mai doki," in ji Zarami. "Ran Asabar za mu ɗaurin auren ɗan aminin nan namu a Giade. Ka sa ta tun daga ƙofar gidanka, kar ka ɗaga ta sai an kira azahar. In an zo alwala ka cire a gaban jama'a, Abbas ya duba bakinta. In babu zobe, hula taka ce, kuma in miƙe tsaye in ce Barebari bayin Fulani ne."

"In akwai fa?" wani ya tambaya.

"Wanzami ya yi masa ƙwal-kwabo a wurin, ya kuma faɗa da bakinsa cewa Fulani bayinmu ne."

Idanu sun yi wa Babayo yawa. Ya miƙa hannu. "Kawo ta nan. Ka fara koyon jawabinka tun yau, don kada harshenka ya sarƙe."

Da ya isa gida ya kwashe labari ya faɗa wa Ya Fanna. Ta ajiye tiren shinkafar da take tsinta, ta dube shi tun daga sama har ƙasa.

"Baban Surayya, kai? Kai da nake sauya wa rigar filo kullum safiya?"

"Wannan ba maiƙo ba ne, ni'ima ce."

"To ni'imar ce za ta kai ka gaban wanzami. Je ka ba yaron nan haƙuri."

"In ba ƙaninki haƙuri? Na ga alama ku biyun kun haɗa baki. Kwana uku kawai nake buƙata. Zan busar da kan nan har sai an ƙyasta ashana a kai ta kama."

Ran Laraba ya ɗebi garin sabulun wankin Ya Fanna. Hujjarsa, abin da ya iya fitar da baƙin man inji daga wandon bakanike, maiƙon kai ɗaya ba zai gagare shi ba. Ya wanke da safe, ya wanke da hantsi, ya wanke bayan azahar. Sumar ta yi tsaye kamar tsintsiyar kwakwa, fatar kai ta yi fari fat. Ya tsaya gaban madubi yana yi wa kansa kirari. Kafin la'asar kan ya rama. Maiƙon da ya fito ya ninka na jiya, ga ƙaiƙayi kamar an zuba masa ƙaiƙayin gero. Ya yini yana susa da hannu biyu, har wani mai neman babur ya ɗauka tsadar kuɗin ce ta dami dillalin ma.

Ran Alhamis ya ce kayan zamani ne ba su da albarka, a koma na iyaye. Ya kwaso toka a murhu, ya matse lemun tsami goma sha biyu a kai, ya kwaɓa, ya dama wa fatar da ya riga ya yayyage da farce. Bai kai ga ajiye kwanon ba ya saki wata ƙara da ta tayar da kajin maƙwabta. Ya zagaye tsakar gida sau biyu, ya ƙarasa bakin randar ruwan sha ya tsoma kai har wuya.

Matan maƙwabta suka leƙo ta katanga. "Ya Fanna, lafiya? Kunama ce?"

"Babu komai, Malam ne yake shan ruwa."

Ya ɗago yana huci, toka na bin fuskarsa. "Wannan shi ne alamar magani ya kama."

"Ya kama kam," in ji ta. "Har randata ya kama."

Ran Juma'a da safe, da ya ga hankalin gida ya ƙare, ya lallaɓa shagon Madam Azuka mai kayan kwalliya. Ta shekara ashirin a kasuwar Azare, Hausa a bakinta har da karin magana. Ya jira masu sayayya suka watse, ya rage murya.

"Madam, wani abokina ne kansa ke maiƙo."

Ta dubi bakin hularsa. "Allah sarki. Abokin nan naka, shi ma ruwan toka yake sa wa?"

"Ban tambaye shi ba."

"To ka ce masa ya daina yaƙi da kansa. In ka kankare fata da ƙarfi, sai ta ɗauka fari aka yi, ta ƙara zubo mai. Ya samu sabulun gashi marar ƙarfi, ya wanke a hankali, ya bar shafa man kitso. Ya rage tulin sumar, ya riƙa barin kan yana shan iska, ya riƙa sauya hula. Cikin mako uku zai ga canji."

"Mako uku? Madam, abokin nawa gobe yake so."

Ta yi dariya. "Gobe? Sai dai dabarar da mata ke yi in fita ta taso musu babu shiri. Su ɗan barbaɗa garin sitaci a gindin gashi ya tsotse man, sannan su taje shi ya fita tas. Ɗan kaɗan, Malam. Bakin cokali. Kuma a taje."

Cikin duk jawabin nan kalma ɗaya ce ta shiga kunnen Babayo: sitaci. Sauran ta ƙofar da suka shigo suka fita.

Sayen sitaci a kasuwa kuwa, ana gobe ɗaurin aure, daidai yake da yin shela. Sai ya tuna da rumfar Abbas. Ya je da sunan gaisuwa, ya tarar da shi yana buga wata hula a kan gungumen ice. Gwangwanin sitaci biyu Babayo ya hango. Ɗaya a buɗe a fili, ɗayan an toshe bakinsa da leda an tura shi bayan gungume. Ya ce a ransa, ba a ɓoye abin banza. Da Abbas ya juya ya tafi ɗauko hula a igiyar shanya, ɓoyayyen gwangwani ya shige aljihun babbar riga.

Abin da Babayo bai sani ba, sirrin sana'ar Abbas ke cikin gwangwanin nan. Sitaci ne, amma rabinsa dakakken ƙaro ne da ake kawo masa daga Yobe. Shi ke sa hulunan da ya wanke su tsaya ƙyam kamar an gina su da siminti.

Asabar da safe Babayo ya shiga ɗaki ya tura ƙofa. Ya ɗebi bakin cokali, ya dube shi, ya yi tsaki. In bakin cokali na isar kan mace, ai kan namiji, dillali, mai suma irin wannan, sai gwangwani. Ya juye duka, ya cuccusa da yatsu har gindin gashi. Tajewa kuwa ya ga asara ce, wa zai zuba magani ya kuma kakkaɓe shi? Ya goge goshi da ƙeya, ya danna farar hula har bisa kunne, ya fito yana taku ɗaiɗai.

"Yau kuma me aka sa?" in ji Ya Fanna.

"Ilimi."

Shi ya ja babur, Zarami na bayansa yana gadin hula. Gari ya yi lumshi, iska ba ta motsi, gumi na tsattsafowa tun ba a bar cikin Azare ba. Da suka yi nisa aka sako yayyafi, ya jiƙa su sama-sama ya wuce. Rana ta buɗe da ƙarfinta. Babayo ya fara jin wani ɗumi a ƙarƙashin hula, kamar ana dama koko a tsakar kansa. Wani farin abu ya gangaro ta bayan kunne.

"Bawana, mene ne wannan ke bin wuyanka?"

"Hodar turare ce. Ba a san ta a Borno ba."

"Turaren kuwa ƙudaje sun san shi."

Babayo ya ƙara wuta don iska ta kore su. Iskar ta yi aikinta, ta busar da komai. Kafin su shiga Giade damun ya daina motsi. Sai ya ji fatar goshinsa na jan sama a hankali. Da ya sauka ya leƙa madubi, ya ga girarsa ta haye ta tsaya, idanu a buɗe tar, kamar wanda aka gaya wa labarin mamaki aka hana shi sauran. Ya gwada haɗe rai, fuska ta ƙi.

"Malam Babayo, lafiya?" in ji uban ango. "Me ka gani?"

"Farin ciki ne, Alhaji."

Aka zauna a kan tabarmi, aka ɗaura aure, aka shafa fatiha. Liman ya yi ta satar kallon wannan baƙo da ke mamakin kowace kalma tasa, har da adadin goro. Ana cikin gaishe-gaishe hadari ya taso daga gabas, ya turo wata iska mai ƙarfi. Rumfa ta girgiza, huluna suka tashi kamar tantabaru. Dattawa na bin nasu a guje, sanƙo na walƙiya ta ko'ina. Ta Zarami ma sai cikin kwata aka tsamo ta. Hula ɗaya ce tak ba ta ko karkata ba.

Babayo ya miƙe a tsakiyar fili, ya buɗe hannuwa. "Jama'a ku gani! Hula ma ta san kan da ya dace da ita. Tana kan Babarbare tana neman hanyar gudu, ta zo kan ubangidansa ta samu wurin zama."

Aka yi masa tafi. A nan ya kamata labarin ya ƙare, in da duniya da adalci. Sai ladan ya kira azahar.

Kafin a jera butoci labarin sharaɗi ya riga ya zaga, mutane suka yi da'ira. Abbas ya matso a matsayinsa na alƙali. Babayo ya tsuguna, ya wanke hannu, ya kuskure baki, ya wanke fuska. Da aka zo shafar kai, ya sa yatsa biyu cikin yanga zai ɗaga hula.

Hula ta ce ba ta san zancen ba.

Ya sa hannu ɗaya. Ya sa biyu. Ya ja, kunnuwansa suka biyo.

"Cire mana, bawana, liman na jira."

"Ina sane. Ba a cire irin wannan hula da gaggawa."

"Ko in taya ka?"

Zarami bai jira amsa ba ya kama ta ya fizga. Babayo ya taso tsaye gaba ɗayansa yana salati. Wani ƙato daga dangin amarya ya riƙe ƙugunsa, Zarami ya ja ta sama, suka yi ta kai da komo kamar masu cire turke. Wata tsohuwa daga bakin zaure ta ce a bari, aikin iska ne, a kawo hayaƙi. Wani ya ce a'a, hannu aka sa masa, kuma ba a raba Barebari da irin wannan.

Abbas ya zagayo bayansa. Ya lakato busasshen farin abin nan na bayan kunne, ya murza, ya shinshina, ya ɗan taɓa a harshe. Ya daɗe yana duban Babayo.

"Malam Babayo, tun jiya nake neman gwangwanina."

Abbas ya ɗaga yatsan ya nuna wa jama'a.

"Ƙarona ne wannan. Na hula arba'in. Shekara tara ina rufa wa maƙwabcin nan naka asiri, wanda hulunansa ke zuwa a baƙar leda, kuma kansa daidai da naka. Ashe sakayyata ke nan."

Dariyar da ta tashi har mata suka leƙo daga cikin gida. Babayo ya so ya ɓata rai, gira ta hana. Haka ya tsaya yana kallon jama'a cikin mamaki.

"Yanzu mene ne abin yi?" in ji uban ango yana share hawaye.

"Mai sauƙi ne," in ji Abbas. "A jiƙa da ruwan ɗumi, ƙaro zai saki. Sai dai duk man da garin ya sha tun safe, hular ce za ta shanye shi. Zobe kam har da 'yan kunne."

"A ɗora ruwa!" in ji Zarami.

Nan fa dillali ya yi lissafi. In aka jiƙa, zobe ya fito: suma ta tafi, hula ta tafi, kuma ya tsaya a gaban mutanen Giade ya sayar da Fulanin duniya da bakinsa. In ba a jiƙa ba, hanyar rabuwa da hular ɗaya ce. Ya shafa matajin da ke aljihunsa. 

"Kada wanda ya kawo ruwa kusa da ni. A kira wanzami."

Wanzamin ya zo, ya zagaye shi sau biyu, ya ce shekararsa talatin yana aski bai taɓa yi wa mutum da hula a ka ba. Ya wasa aska, ya zura ta ta ƙarƙashin baki, ya dinga bi sannu-sannu yana ɗagawa, kamar mai fiɗar ragon layya da ba ya son fata ta huje. Liman ya ce a ba su minti goma, shi ma yana son ganin ƙarshen abin. Da aka kai tsakar kai, hula ta taso ɗungurungum. Girar Babayo ta faɗo wurinta.

Abbas ya karɓa ya juya ta. Ciki dam da suma, a tsaye, a shirye, kamar sheƙar tsuntsu. Ya bi bakinta da yatsa, ya ɗaga ta a rana, ya sake dubawa. Gaskiya ɗaya ce.

"Babu zobe."

Babayo ya yi tsalle, kai fari tas kamar sabuwar ƙwarya, da ɗan jini nan da can. "Kun ji! Kun ji da kunnenku! Babarbare, bisimilla, fili naka ne."

Zarami ya hau kan benci, ya gyara murya. "Jama'a ku shaida, Barebari bayin Fulani ne." Ya jira ihu ya lafa. "Ku kuma shaida, yau bawa ya so a yi wa ubangidansa ƙwal-kwabo a bainar jama'a, an kuwa yi. Ubangidan ne ya kira wanzami da bakinsa, shi zai kuma sallame shi."

Da yamma Babayo ya shiga gida da rawanin aro, hula a leda. Ya Fanna ta warware rawanin, ta ja da baya, ta riƙe haɓa.

"Baban Surayya, ina sumar?"

Ya miƙa mata ledar. "Ga ta nan, ba abin da ya same ta. Kuma ki sani, na ci ƙaninki."

Ta leƙa ciki, ta ɗaure bakin ledar. "Allah ya ƙara nasara. Irin wannan biyu ka sake yi, sai mu nemi kunnuwa."

Sumar dai ba ta dawo yadda take ba. Da ta fara tsirowa, sai ga furfura da wani fili a tsakiya da ba wanda ya san da shi, don haka Babayo ya ce shi dama ya daɗe yana sha'awar aski. Maiƙon kuwa yana nan, sai ma da ya samu sarari. In damina ta yi nauyi ya ɗaga hula don shan iska, kan na ɗaukar ido tun daga tsallaken titi.

Rannan a gindin darbejiya Zarami ya matso kusa da shi.

"Ranka ya daɗe, ara wa bawanka matajin nan, tunda ya yi ritaya. Yawwa. Ɗan sunkuyo kuma in ga gemuna."

Babayo ya sunkuyo, ya dubi 'yan majalisa ta ƙasan ido.

"Ku dai ku shaida," in ji shi. "Ko madubi Babarbare zai duba, sai ya zo wurin Bafulatani."